Fili a Bayan Rijiya

Ni ne Barmo mai shayi, teburina na gindin tsamiya,
a ƙauyenmu yamma da Katsina,
inda kwalta ta gaji ta bar wa jaki hanya.

Ran Talata sojoji suka sauka, mota uku, da safiya.
An ce tsaronmu ya kawo su.
Muka ce to, Allah ya sa a rabu lafiya.

Suka duba gabas, suka duba yamma,
suka hango fili fetal a bayan rijiya,
ba shuka, ba turke, ba ko kashin akuya.
Suka ce nan ya yi. Suka sauke kaya.

Ba wanda ya tambaya me ya sa
garin da ake shari'a kan taku ɗaya na gona
ya bar fili shekara saba'in, ba garma, ba fartanya.

Kakana na nan kwance. Uwar Tsalha na nan.
Yara sha ɗaya na shekarar baƙon dauro,
ba allo, ba suna, sai tsingaron tukunya.
A kansu aka buga turakun tanti,
a kansu aka hura wuta, aka shanya safa a igiya.

Ba mu ce uffan ba.
Wa zai ce wa mai bindiga matsa?
Mata dai suka yi wa rijiyar yaji,
suka koma rafi, tulu a ka, ciwo a wuya.
Kyauta ta ce kajinta sun daina ƙwai.
Mai unguwa Jatau ya kwanta zazzaɓin
da ke sauka in baƙo ya juya baya.

Kwana tara, sai ga laftanansu, Etim,
da Hausarsa ta bariki, mai ɗingishi da ƙafa ɗaya:
"Mai shayi, mun yi me?
Na gaida mutum, mutum ya gaida ƙasa."

Na yi ta juya shayin daga kofi zuwa kofi
har ya huce, ban huce ba.
Na ce, "Ranka ya daɗe, in gaya maka gaskiya,
kan iyayenmu kuke barci."

Ya ajiye kofin.
Ya ce a garinsu, can bakin teku,
ubansa na kwance a tsakar gida, da siminti, da suna,
bai san kabari na zama shiru haka ba.
Ya sake cewa bai sani ba, a ƙasan murya.

Daren nan muka ji ana zare turaku, a hankali,
kamar mai cire wa yaro ƙaya.

Da hantsi ya tsaya ƙofar zauren Jatau
yana kwance igiyar takalmi.
Takalmin soja ba ya fita da sauri:
gari ya taru yana kallon babban mutum a duƙe
yana fama da ƙulli, ba wanda ya yi dariya.
Ya shiga, ya tsuguna.
Jatau ya bar shi a tsugune har inuwa ta matsa,
sannan ya ce a kawo goro da ruwa a ƙwarya.

Kajin Kyauta suka warke a ranar.

Bayan mako, Tabawa mai daddawa,
tana ƙirga canji, ba ta ko ɗaga kai ba,
ta ce da ni, a kunnen laftanan,
baburan da ke kwana a kwazazzabon arewa
ba na 'yan rakiyar amarya ba ne.
Labarin ya fi wata a bakin kowa.
Sai ran nan ya sami hanya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Akwai kofur a shinge da ke kiran dattijo "kai",
akwai ragon Tsalha da har yau ba a biya.

Jiya aka yi wa Etim canji.
Ya zo ya biya bashin shayi, ya ce sai wata rana.
Gobe sababbi za su iso.
Filin na nan, fetal, a bayan rijiya.
Tsalha ya ce mu kewaye shi da ƙaya.
Na ce bari tukuna,
mu ga ko za su tambaya.